Kafin a sayo mana jirgin ruwan da ba shi da farfela

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan wata magana da ta fara yawo a tsakanin mutanenmu na bakin kogi, tun daga lokacin da wasu hotunan bidiyo suka cika wayoyin matasa. A cikin hotunan ana ganin wani ƙaramin jirgin ruwa yana sheƙa gudu a kan ruwan da da ƙyar ya rufe idon sawu, yana ratsawa tsakanin duwatsu, yana juyawa wuri guda kamar katantanwa, ruwa na tsartuwa ta bayansa. Duk wanda ya kalla sai ya ce ai ga maganin wahalar da muke sha da rani, lokacin da Kwara da Binuwai suke janyewa su bar tudun yashi a tsakiyar hanya. Har na ji wasu manya suna cewa ya kamata hukumomi su sayo irinsa da yawa domin aikin ceto da kai marasa lafiya asibiti. Ni na yi shekaru ina tuƙa jirgin inji, kuma Allah ya nufa na taɓa riƙe irin wannan jirgi na wasu watanni a wani aikin awon kogi da wani kamfani ya ɗauke ni, saboda haka na ga ya wajaba in faɗi abin da na sani tun kuɗi ba su fita daga aljihun kowa ba.

Jirgin inji da muka saba da shi yana da farfela a ƙarshen ƙafar inji, tana rataye ƙasa da gindin jirgi, kuma ita ce take fara gamuwa da dutse ko kututture ko yashi. Shi wannan kuwa, wanda ake kira jirgin jet, babu abin da ya leƙo a ƙarƙashinsa. Sunan ne ya sa wasu suke zaton injin jirgin sama aka ɗora masa, alhali injinsa ɗan'uwan injin mota ne, mai shan fetur ko dizal, aikinsa kawai shi ne juya famfo. A ƙasan jirgin, wajen baya, akwai wata ƙofa mai rariyar ƙarfe wadda ruwa yake shiga ta cikinta. Wata fanka da ke ɓoye cikin bututu ita take zuƙo ruwan, wasu tsayayyun fukafukai da ke bayanta su miƙar da shi, sannan a matse shi ta wani tsukakken baki ya fita da ƙarfi ta baya. Ƙarfin fitar ruwan nan shi ne yake tunkuɗa jirgin gaba, kamar yadda bindiga take naushin kafaɗar maharbi idan harsashi ya fita. Sitiyari yana karkata bakin bututun ne dama ko hagu, idan kuma ana son ribas sai wani murfi mai kama da ƙwarya ya sauko ya tare ruwan ya mayar da shi gaba ta ƙarƙashin jirgi.

Asalin wannan jirgi yana da muhimmanci, domin shi zai nuna mana irin kogin da aka yi shi dominsa. Wani makiyayin tumaki ne a ƙasar Niyu Zilan, mai suna Bill Hamilton, wanda aka haifa a 1899 ya rasu a 1978, ya kai shi matsayin da yake a yau. Gonarsa, Irishman Creek, tana cikin tsibirin kudu na ƙasar, inda koguna irin su Waitaki da Waimakariri suke gangarowa daga tsaunuka masu ƙanƙara su bazu a kan shimfiɗar tsakuwa mai faɗi, su rarrabu reshe-reshe suna haɗuwa suna rabuwa kamar kitson mace. Ruwan yana da gudu amma ba shi da zurfi, farfela ba ta daɗewa a cikinsa. A gwajinsa na farko ruwan yana fita ne a ƙarƙashin jirgi, jirgin kuma bai yi wani abin kirki ba. Sai a 1954, bayan ya mayar da bakin bututun ta baya, sama da fuskar ruwa, gindin jirgin ya zama sumul, abin ya kankama. Shi kansa bai yi da'awar cewa shi ya ƙirƙiro tura jirgi da feshin ruwa ba, gyara shi ya yi har ya dace da kogunan garinsu. Kamfanin da ya kafa yana nan har yau a birnin Christchurch. A 1960 ɗansa Jon yana cikin ayarin da suka hau kogin Colorado na Amurka suna fuskantar ruwa ta cikin kwazazzabon Grand Canyon, abin da ba a taɓa yi ba kafin su. A 1977 kuma Edmund Hillary, wanda shi da Tenzing Norgay suka fara taka ƙololuwar tsaunin Everest, ya ɗauki jirage uku irin waɗannan daga bakin teku ya bi kogin Ganges na Indiya har cikin tsaunukan Himalaya, inda wata magangarar ruwa ta tsayar da su. Saboda haka ban rubuto domin in raina jirgin ba, ya riga ya nuna abin da zai iya.

Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne cewa wannan bajinta tana da sharaɗi guda, wato gudu. Idan ana cewa jirgin yana wucewa a ruwan da bai fi santimita 10 ba, ana nufin lokacin da ya riga ya ɗauki gudu ya ɗago, ya hau kan fuskar ruwa yana shafarta kamar dutsen da yaro ya wurga yana tsalle a kan tafki. Idan yana tsaye, ko yana tafiya a hankali, nutsewa yake yi gwargwadon nauyinsa kamar kowane jirgi. Lokacin tashi ma abin ya fi muni, domin da zarar an ba shi wuta gindinsa yake fara zama ƙasa, goshinsa ya ɗaga, famfon kuma yana zuƙa da iyakar ƙarfinsa, duk abin da ke ƙasa kusa da rariyar nan sai ya haɗiye. Shi ya sa matuƙin da ya san aikinsa ba ya tayar da jirgin sai ya sami rami mai zurfin da ya wuce gwiwa sosai, mai tsawon da zai ishe shi ɗagowa, kuma kafin ya shiga wuri marar zurfi ya riga ya san inda zai sami wani ramin da zai tsaya. Tsakanin ramukan biyu babu sassautawa. Wanda ya tsorata ya rage wuta a tsakiya, jirgin zai faɗo daga kan ruwa ya zauna a yashi nan take.

Na biyu, kuma wannan shi ne ya fi yaudarar tsofaffin matuƙa irina, jirgin ba ya jin sitiyari sai da wuta. Mai farfela ko ka kashe totur, ƙafar injin tana cikin ruwa tana ɗan juya maka jirgi. Mai famfo ba shi da komai a cikin ruwa, abin da yake juya shi shi ne ruwan da yake fesowa, idan ka ɗauke wuta ka ɗauke sitiyari ke nan, jirgin zai ci gaba da sulɓewa inda ya dosa ko da ka murɗa sitiyarin har ƙarshe. Ma'ana, idan haɗari ya taso a gabanka, abin da hankalinka yake gaya maka, wato ka saki totur, shi ne abin da zai kai ka cikinsa. Dole hannu ya koyi akasin abin da ya saba, ya murɗa kuma ya ƙara wuta a lokaci guda. Haka nan a kwana gindinsa zamewa yake yi gefe kamar mota a kan laka, sai an fara karya kwanar tun kafin a iso ta.

Ni a jikina na koyi wannan. Wata rana cikin watan Maris, muna gangarowa Binuwai a ƙasa da Ibi, ruwa ya janye sosai, na hango kallin wani masunci, wato ragar kamun kifinsa, ya gitta hanyar da na zaɓa. Shekarun da na yi da farfela suka rinjayi horon 'yan kwanakin da aka ba ni, na saki wuta ina murɗa sitiyari. Jirgin bai juya ba, ya faɗo, ya kwanta a kan yashi. Maimakon in kashe inji nan da nan mu sauka mu tura shi zuwa zurfi, wanda shi ne ƙa'ida, sai na ƙara kuskure a kan kuskure, na sa ribas. Ribas a ruwa marar zurfi yana feso ruwa ne ƙarƙashin jirgi, ya tono yashi da tsakuwa ya miƙa su daidai bakin rariya. Kafin in farga famfon ya sha yashi ya ƙoshi. Daga wannan famfon ne ruwan sanyaya inji yake fitowa, saboda haka hanyoyin ruwan suka toshe, inji ya ɗauki zafi. Mun samu mun wanke su, amma jirgin bai sake komawa yadda yake ba, domin tsakanin bakin fankar nan da zoben da take juyawa a cikinsa akwai 'yar tazarar da ba ta kai milimita ɗaya ba, yashi kuma ya cinye gefen fankar ya buɗa tazarar. Inji yana ta kuka, mai yana ƙonewa, jirgi ya kasa ɗagowa da mutum huɗu. Babu bakaniken da ya taɓa ganin cikin irin wannan famfo a duk garuruwan da ke kusa, kayan gyaran kuma sai da aka aiko daga ƙasar waje. Makonni muka yi muna ƙarasa aikin da kwale-kwalen haya da sandar tuƙi, masunta suna yi mana dariya, kuma da gaskiyarsu.

A nan ne nake son masu wannan shawara su dubi bambancin koguna. Kogunan da Hamilton ya yi wa jirginsa gindinsu yawanci tsakuwa ce manya, wadda rariya take iya tarewa, kuma a wurare da yawa matuƙi yana iya hango ƙasa ko ya gane zurfi daga launin ruwa. Namu gindinsu yashi ne mai laushi da laka, wanda babu rariyar da za ta hana shi wucewa, kuma tudun yashin ba ya zama wuri guda, inda aka bi bara bana ya toshe. Da damina ruwan ja ne wur, ba ka ganin tafin hannunka a cikinsa. Sai dai mutum ya karanta fuskar ruwa, ya san cewa zurfi yana bin bayan kwana inda ruwa yake cin gaɓa, cewa ƙananan tsattsaga a fuskar ruwa alamar tudu ce, cewa inda ruwa ya kumbura ya rabu biyu akwai dutse ko kututture a ƙasa. Sarkawa da Nufawa da Jukunawa sun san wannan karatu fiye da kowa, amma suna yin sa ne a saurin kwale-kwale, ba a gudun kilomita 40 ko 50 a sa'a ba, inda tsakanin gani da isowa bai wuce ƙiftawar ido ba. A tafkin Kainji kuma, tun da aka kammala madatsar a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka, kututtura suna nan tsaye a ƙarƙashi. Gaskiya ne jirgin jet ba shi da farfelar da za ta karye, amma gangar jikinsa ce za ta daki kututturen, kuma da gudu.

Sai maganar ciyawa, wadda a ganina ita ce babbar abokiyar gabar wannan jirgi a ƙasarmu. Famfo ba ya zaɓe, abin da ya zo bakinsa shi yake zuƙa. Kainuwa da bado da ciyawar burgu, da kachallar da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru, da igiyar mamari da yagaggen kalli, da ledar ruwan sha wadda yanzu babu mashigin da ba ta cika ba, kowanne daga cikinsu yana iya lulluɓe rariyar ko ya naɗe sandar fanka. Leda guda ɗaya ta isa ta mayar da jirgin miliyoyi abin tausayi. Idan farfela ta naɗe ciyawa, ɗaga ƙafar inji ake yi a sa hannu a cire a ci gaba da tafiya. A mai famfo sai an kashe inji, a buɗe murfin duba famfo idan yana da shi, ko mutum ya shiga ruwa ya laluba ƙarƙashin jirgi. Mai tunanin kai shi tafkin Chadi saboda rashin zurfinsa, ya fara tuna yawan ciyawar da ke cikinsa.

Ga kuma lissafin mai da kaya. Kamfanonin da ke ƙera injin rataye irin namu, su Yamaha da Mercury, suna sayar da nau'in da aka cire wa farfela aka sa masa famfo, kuma su da kansu suke rubuta lamba biyu a jikinsa: injin da ke da ƙarfin doki 90 abin da yake fitarwa a bakin famfo 65 ne, mai 60 kuma 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ya tafi, man da inji yake sha kuwa bai ragu ba. Famfo yana biyan kuɗinsa ne a gudu mai yawa da kaya marasa nauyi. Jiragenmu na kasuwa kuwa buhunan hatsi suke ɗauka, da babura da awaki da mutane har sai ruwa ya kusa leɓen jirgi, su tafi a hankali. Idan aka yi wa ƙaramin jirgin jet irin wannan lodi ba zai ɗago ba sam, idan kuma bai ɗago ba amfaninsa ya ƙare, ya zama jirgi mai tsada, mai shan mai, wanda bakinsa ke jan ƙasa.

Dole in ce wani abu game da haɗurran da suka sa mutane suke neman kowace irin mafita, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Jirgin da ya nutse kusa da Warra a jihar Kebbi cikin Mayun 2021 yana ɗauke da mutum fiye da 150. Wanda ya kife a yankin Patigi na jihar Kwara cikin Yunin 2023, da 'yan biki suna dawowa cikin dare, ya ci rai fiye da 100. Abin da ke bayan irin waɗannan musibu sananne ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa a mashigi ranar kasuwa: lodi fiye da ƙima, tsofaffin jiragen katako, tafiyar dare wadda hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana, da rashin rigar ruwa mai hana nutsewa. Babu ko ɗaya daga cikinsu da sauya farfela da famfo zai magance. Kuɗin jirgin jet guda zai sayi rigunan ruwa masu yawan gaske.

Akwai kuma haƙƙin sauran masu amfani da kogi. Da rani, siririyar hanyar da ta rage mai ɗan zurfi ita ce kowa yake bi. Nan masunci yake shimfiɗa kallinsa, nan mata suke wanki, nan yara suke wanka, nan Fulani suke ƙetarar da shanu, wani wurin ma nan dorina take kwance. Jirgin da ba shi da zaɓi sai gudu, wanda kuma ba ya juyawa idan an rage masa wuta, shigarsa irin wannan wuri abin tsoro ne, kuma igiyar ruwan da yake tayarwa ta isa ta kifar da ƙaramin kwale-kwale. A Niyu Zilan akwai doka a kan kogi, kowa ya riƙe hannun damansa, mai hawa kuma ya ba mai gangarowa hanya, domin mai gangarowa ruwa yana tura shi, tsayawa ta fi yi masa wuya. Mu nan sai an zauna da sarakunan ruwa da ƙungiyoyin matuƙa an shimfiɗa irin wannan tsari kafin jirgi na farko ya taɓa ruwa.

Duk da haka akwai aikin da na yarda jirgin ya fi mai farfela dacewa da shi, shi ne tsamo mutane daga ruwa. Farfela wuƙa ce mai juyawa, mai ceto yakan ji tsoron matsawa kusa da wanda yake nutsewa don kada ya sare shi, mai famfo kuwa ana iya kai shi har jikin mutum. Yana kuma iya tsayawa cak a cikin ruwa mai gudu idan aka sauko da murfin ribas rabi, ya juya a inda yake. A ambaliya irin ta 2012 da ta 2022, lokacin da ruwa ya shiga unguwannin Lokoja ya rufe katangu da shingaye, jirgi marar komai a ƙarƙashinsa yana da ranarsa, idan an sami mai share masa rariya. Haka nan ɗaukar mace mai naƙuda da mutum biyu ko uku daga ƙauyen tsibiri zuwa gari da rana, a hanyar da matuƙi ya sani kamar tafin hannunsa.

Roƙona ga duk hukumar da wannan shawara ta kai teburinta shi ne ta fara da jirgi ɗaya, mai gangar alminiyam mai kauri, a gwada shi rani guda cikakke a wuri mai yashi da wuri mai ciyawa, a riƙa rubuta yawan man da ya sha da sau nawa ya toshe da yadda fankarsa take cinyewa. A tambayi mai sayarwa ko injin yana da matatar da ke raba yashi da ruwan sanyaya inji, a sa shi ya haɗo da fanka da zobe na canji tun a cinikin farko, kuma ya koya wa bakanikai aƙalla biyu na garin da jirgin zai zauna yadda ake kwance famfon a ɗaure. Matuƙan kuma a ɗebo su daga 'ya'yan bakin kogin da suka san ruwan, a ba su makonni suna atisaye a wuri mai faɗi da zurfi, jirgi babu fasinja, har sai hannunsu ya daina sakin totur idan sun firgita. Idan akwai wani cikin masu karanta wannan jarida da ya tuƙa irinsa a Kwara ko a wani kogin da ya bambanta da inda na yi aiki, ina so ya rubuto mu ji yadda famfonsa ya kwashe da yashin wurin.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu,
Wani tsohon matuƙin jirgin inji,
daga Yawuri, jihar Kebbi.